Yaron da ya iya canji amma ya kasa ɗebewa: amsa ga wata malama a Agege

Wata malama da ke koyar da 'yan aji uku a wata firamare a unguwar Agege ta Ikko ce ta aiko da tambayar. Tana karatun ƙaro ilimi Asabar da Lahadi, lokacin rubuta kundin bincike kuma ya zo. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne yaran ajinta da yawa suna faɗuwa lissafin ɗebewa, alhali wasunsu suna taya iyayensu tsaron kaya a kasuwa, ba a kuma taɓa kawo ƙararsu kan canji ba. Malamin da ke duba aikinta ya ce ta ajiye maganar raba takardun tambayoyi, ta bi hanyar da masu binciken bunƙasar tunanin yara ke bi, ta rarrabe aikin daki-daki. Tambayarta: wace hanya ce wannan, kuma ta ina za ta fara?

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'a. Malaminki ya yi miki gata, ko da yake ya ɗora miki aikin da ya fi raba takarda wuya.

Ni a aji sunan da nake ba wannan hanya shi ne feɗe aiki. In kin taɓa tsayawa a kwatar Oko-Oba kin ga mahaucin da ya san sana'arsa, ba ya sara inda ya ga dama, gaɓa yake bi. Aikin da muke ba yaro shi ma gaɓoɓi gare shi, mu ne da muka daɗe da iyawa muka daina ganinsu. Ɗauki 52 a ɗebe 38. Sai yaro ya gane alamar ɗebewa ce. Sai ya jera lambobin kowacce ƙarƙashin 'yar'uwarta, ya fara daga dama. Sai ya lura 8 ta fi ƙarfin 2, ya je wurin maƙwabciya ya aro ɗaya, ya san ɗayan nan da ya aro goma ce, ya tuna 5 ta koma 4. Sai ya fitar da 8 daga 12, ko da ka ko da yatsu, ba tare da ya manta bashin da ya ci ba. Duk wannan kuma da Turanci aka ba shi umarni, ga zafi, ga hon ɗin motocin haya na danfo ta taga. Idan ya rubuta 26 kika sa jan biro kika soke, kin san wani abu ya karye, amma ba ki san wace gaɓa ba. Feɗe aiki shi ne neman gaɓar.

Fiɗar iri biyu ce, kamar yadda Lauren Resnick ta bambanta su a 1976. Akwai wadda za ki yi a kan teburinki, ki rubuta matakan da hankali ya ce sai an bi, da abin da kowane mataki ke bukata kafin a kai gare shi. Robert Gagné ya yi fice a wannan tun shekarun 1960. Akwai kuma wadda za ki yi gaban yara, ki ga matakan da suke bi da gaske. Ta farko zato ce, ta biyu shaida. Ɗalibaina da yawa suna tsayawa a ta farko, su zana kyakkyawan jadawali mai kibiyoyi, su ce sun gama. Yara kuwa ba su karanta jadawalin ba.

Mu koma ga 26 ɗin nan, don a nan bincikenki yake. Ba daga sama yaron ya tsinto ta ba. Ya dubi 2 da 8 ya cire ƙarama daga babba, ya samu 6. Ya dubi 5 da 3 ya samu 2. Ƙa'ida yake bi, kuma yana bin ta da gaskiya: a kowane layi, cire ƙarama daga babba, ko wacce ce a sama. Ina ya samo ta? Wataƙila daga bakinmu, don mu muka ce masa a aji ɗaya ba a cire babba daga ƙarami. Wani yaron zai rubuta 24. Shi ya iya aro, ya mai da 2 ta zama 12, sai dai bai rage 5 ba. Ya ci bashi bai biya ba. A 1978 John Seely Brown da Richard Burton sun bi takardun ɗebewa na yara fiye da dubu, suka nuna cewa kurakurai da yawa da malamai ke ɗauka sakaci ne, tsararrun ƙa'idoji ne masu aibi a wuri ɗaya, kamar manhajar kwamfuta da layi ɗaya ya lalace. Cire ƙarama daga babba tana cikin waɗanda suka fi yawa, sauran kuma da dama a gindin sifili suke taruwa.

To ga inda sana'ar take. Kafin ki ba yaro ko tambaya ɗaya, ki rubuta ƙa'idojin da kike zargi, ki lissafa amsar da kowacce za ta bayar a kowace tambaya. Ɗauki 305 a ɗebe 127. Amsar gaskiya 178. Mai cire ƙarama daga babba zai ce 222. Mai aro ba biya zai ce 288. Wanda ya iya aro amma sifili ke ruɗa shi, ya mai da 0 ta zama 9 ya manta bai taɓa 3 ba, zai ce 278. Tambaya ɗaya ta raba miki yara gida huɗu. Yanzu dubi 52 a ɗebe 37. Mai cire ƙarama daga babba zai ce 25, mai aro ba biya shi ma 25. Wannan tambaya ba ta da amfani gare ki, ko da kuwa tana cikin littafin aji, don ta haɗa marasa lafiya biyu a gado ɗaya. Haka 70 a ɗebe 24: wanda ya ce 54 yana iya zama mai cire ƙarama daga babba, yana iya kuma zama yaron da aronsa lafiya lau, sifili ce kawai yake ganin in an cire mata 4 sai 4 ta rage. Abin da zai raba su shi ne ki duba me kowanne ya yi da 52 a ɗebe 38. Ba amsa ɗaya ake karantawa ba, zubin amsoshin gaba ɗaya ake karantawa. Ki kuma sa 'yan tambayoyi marasa aro, irin 86 a ɗebe 42, don ki ware wanda matsalarsa tun daga ƙananan lambobi take.

Wanda ya fi kowa gyara wannan salo shi ne Robert Siegler, lokacin yana jami'ar Carnegie Mellon a Amurka, kuma da sikeli ya yi, ba da ɗebewa ba. Ya kamata ki san aikin, don duk wanda zai yi miki tambayoyi ranar kare kundi zai sa ran jin sa. Sikelin katako ne mai hannu biyu, kowane hannu da turaku huɗu a jere, ana zura ƙarafa masu nauyi ɗaya a turakun. Ana tare shi kada ya motsa, a tambayi yaro: in an saki, hagu zai sauka, ko dama, ko zai tsaya daidai? Bärbel Inhelder da Jean Piaget sun riga shi amfani da sikeli a shekarun 1950, amma su hira suke yi da yaro su fassara maganarsa. A 1976 Siegler ya ce a bar dogaro da bakin yaro. Ya rubuta ƙa'idoji huɗu. Ta farko, nauyi kawai: inda ƙarafa suka fi yawa nan zai sauka. Ta biyu, nauyi dai, sai in nauyi ya zo ɗaya sannan a dubi nisa daga tsakiya. Ta uku, a dubi duka biyun, amma in sun yi karo, nan nauyi ya fi can nisa ya fi, sai canki-canka. Ta huɗu, a ninka nauyi da nisa a kowane hannu a gwada. Sannan ya tsara tambayoyi iri shida yadda kowace ƙa'ida za ta bar sawunta daban.

Abin da ya sa aikin ya yi suna hasashe ne guda mai ban mamaki. Sa ƙarafa 4 a turke na biyu daga tsakiya a hagu, ƙarafa 2 a turke na uku a dama. Hagu 8, dama 6, hagu zai sauka. Ɗan shekara 5 mai duban nauyi kawai zai ci irin wannan kusan kullum. Saurayin da ya kai ƙa'ida ta uku, wanda ya san nisa na da tasiri amma bai san yadda ake haɗa su ba, zai ci kamar ɗaya cikin uku, don zaɓi uku ne kuma canka yake yi. Haka kuwa aka samu da ya gwada 'yan shekara 5, 9, 13 da 17: ƙananan sun fi manyan ci a wannan rukuni, kuma ko cikin 'yan 17 kaɗan ne suka kai ƙa'ida ta huɗu. Da makin wannan rukuni kawai aka duba, da an ce yara suna ci baya da girma. Ki riƙe wannan, don za ki gani a ajinki: ranar da yaro ya fara koyon aro, yana iya fara ɓata tambayoyin da a da yake ci, yana aro inda ba a bukata. Wannan ɓatawar alamar motsi ce.

Bai tsaya nan ba. Ya tambayi kansa me ya sa 'yan shekara 8 ke koyo in an bar su suna ganin sikelin yana sauka, 'yan 5 kuwa ba sa koyo, alhali duka da ƙa'ida ta farko suka fara. Sai ya nuna musu sikeli na ɗan lokaci, ya rufe, ya ce su jera irinsa a wani. 'Yan 5 suna kawo yawan ƙarafan daidai amma su zura a kowane turke. Nisan ma bai shiga idonsu ba. Da aka koya musu lura da turke, sai suka fara amfana da abin da suke gani. Gaɓar da ta karye tana can gaba da inda kowa ke dubawa. Kowane kafinta a Agege zai haɗa miki irin sikelin nan da katako da ƙusoshi, ƙarafan kuma washa na makanikai sun isa. Na sha tunanin a gwada shi da 'yan garuwa masu ɗaukar ruwa da sanda a kafaɗa, waɗanda kafaɗarsu ta san lissafin nan tun kafin bakinsu. Hanyar tana da rauninta: an gano daga baya cewa in bambancin hannayen biyu ya yi girma ƙwarai, yaro kan yi kamar ya haura ƙa'ida, ya dawo in bambancin ya ƙanƙance. Saboda haka kada ki manna wa yaro lamba a goshi bisa tambayoyi biyar.

Akwai masu feɗe aiki da agogo. Guy Groen da John Parkman a 1972 sun auna tsawon lokacin da 'yan aji ɗaya ke ɗauka a tarawa, suka ga lokacin yana tafiya ne da ƙaramar lambar. Wato a 2 a tara da 7, yaro yana ɗaukar 7 a ka ya ce takwas, tara, taki biyu kawai, maimakon ya ƙirga tun daga ɗaya. Bayani ne mai kyau, an kuma yarda da shi shekaru. A 1987 Siegler ya sake aikin, amma bayan kowace tambaya sai ya ce wa yaron, ya ka yi? Sai ga shi dabarar nan kashi 36 cikin 100 kawai aka yi amfani da ita. Sauran lokutan yara suna tunowa da ka, ko su ƙirga duka, ko su farfasa lambar, ko su canka, kuma yaro ɗaya yana amfani da dabaru da yawa a zama ɗaya. Matsakaicin lissafi ya haɗiye bambancin. Darasin da ke ciki gare ki: ki tambayi yaro nan take bayan kowace tambaya, kada ki bari sai ƙarshe, kuma ki rubuta dabara tambaya-tambaya.

Ki kuma kalli hannu. A farkon shigata wannan aiki na zauna da wata yarinya 'yar shekara 7 a barandar wata Islamiyya a Idi-Araba. Duk tambayar da na yi sai ta sunkuyar da kai, ta yi shiru mai tsawo, sannan ta faɗi amsa can ƙasa-ƙasa. Na rubuta a takardata cewa da ka take yi amma tana da jinkiri. Sai a tambaya ta tara ko ta goma na lura gefen hijabinta yana ɗan motsi. Ashe ƙirga take da babban yatsa a kan gaɓoɓin sauran yatsun, uku-uku, yadda ta ga mahaifiyarta na tasbihi bayan salla, ta kuma ɓoye hannun don a makarantar boko ana dukan mai ƙirga da yatsu. Da na ce ta fito da hannun, nan ba aji ba ne, sai na ga dabarar da babu ita a jadawalina: tana tsallaken yatsa guda ta ce uku, shida, tara. Takardu tara na yaga a ranar. Tun daga nan ba na fara zama da yaro sai na ƙirga wani abu da yatsuna a gabansa.

Wannan ya kawo mu ga abin da nake ganin ya fi komai muhimmanci ga mai bincike a wuri irin namu. Idan yaro ya faɗi, fara tuhumar aikin da kika ba shi kafin ki tuhumi kansa. Piaget, mutumin Suwizalan da ya rayu daga 1896 zuwa 1980, shi ya koya mana darajar amsar da ba daidai ba, tun yana gwajin yara a Faris wajen 1920. Sanannen gwajinsa shi ne a jera abubuwa layi biyu masu yawa ɗaya, yaro ya yarda ɗaya suke, sai babba ya baza layi guda ya sake tambaya. Yara ƙasa da shekara 6 ko 7 sukan ce mai tsawon ya fi yawa. Piaget ya ce ba su kai ga gane cewa yawa ba ya canzawa da canjin siffa ba. Amma feɗe zaman da kansa. Babba ya yi tambaya, an ba shi amsa, ya taɓa kayan da gangan, ya maimaita tambayar. Me yaro mai hankali zai ɗauka? A 1974 James McGarrigle da Margaret Donaldson a Edinbara sun sa wata 'yar tsana mai ɓarna ta fito ta hargitsa layin kamar bisa kuskure. Cikin yara 80 'yan shekara 4 zuwa 6, 50 suka amsa daidai, alhali 13 ne kawai suka ci da babba ya baza da hannunsa. An yi ta muhawara kan fassarar wannan sakamako, amma ba wanda ya ƙara ɗaukar maimaita tambaya abin wasa. Patricia Greenfield ta ga makamancin haka a Senegal cikin yaran Wolof da ba su shiga boko ba: wasu suna cewa ruwan ya ƙaru ne don ke kika zuba shi, da aka bar su suka zuba da hannunsu kuwa sai amsoshin suka gyaru.

To ina ga ɗan Bahaushe, wanda aka tarbiyyantar kada ya musa wa babba, kada ya kalle shi ido cikin ido? In Malama ta ce, ka tabbata? ya riga ya ji an ce ya yi kuskure. Ki cire wannan kalma daga bakinki kwata-kwata. Ki gaya musu tun farko cewa za ki tambayi ya aka yi ko an ci ko ba a ci ba, kuma ki cika alkawarin. In da hali, ki sa 'yar tsana ko wani yaro na ƙage ya yi lissafin, ki ce su duba masa. Yaron da ba zai iya gyara wa Malama ba zai gyara wa 'yar tsana har da dariya.

Kayan aikin ma gaɓa ne. Robert Serpell a 1979 ya ba yaran Zambiya da na Ingila siffofi su kwaikwaya. Da fensir da takarda na Ingila suka fi, da waya na Zambiya suka fi, da yumɓu kuwa suka zo kusan ɗaya. Duk wanda ya taso yana ƙera motar waya ko ta kara ba zai yi mamaki ba. Wanda ya fi kusa da tambayarki shi ne aikin Terezinha Carraher da David Carraher da Analúcia Schliemann a birnin Recife na Barazil, 1985. Yara biyar ne kacal, masu talla. Masu binciken sun je a matsayin masu saye, yaran suka ci kashi 98 cikin 100 na lissafin ciniki. Da aka mai da lambobin labari a takarda suka ci kusan 74, da aka ba su tsurar lambobi suka sauko 37.

Na ga irin wannan da idona a kasuwar Mile 12, wurin wani yaro ɗan shekara 10 da ke zama a rumfar albasar babansa bayan an tashi makaranta. Na ce na sayi albasa ta 350 na ba ka 500. Bai ko ɗaga kai daga buhun da yake tsincewa ba ya ce, hamsin ta cika ɗari huɗu, ɗari ta cika biyar, ɗari da hamsin ke nan. Na rubuta masa 500 a sama, 350 a ƙasa, a bayan wani kwali. Ya karɓi biro, ya gyara zama, fuskarsa ta koma ta ɗan makaranta, ya rubuta 250. Na ce to wanne ne daidai? Ya dubi kwalin ya ce, Malam, ai wannan na makaranta ne. Bai ga wani karo ba. Ki lura da fiɗar: a kasuwa ba ɗebewa yake ba sam, cikawa yake daga ƙasa zuwa sama, yana tsayawa a lambobi masu daɗin riƙewa, kuma kowace lamba kuɗi ce da ya san nauyinta. Babu aro a hanyarsa, babu jera layi, babu farawa daga dama. Saboda haka in kin ce yaranki sun iya a kasuwa sun kasa a aji, ki yi hattara, ayyuka biyu ne daban masu amsa ɗaya. Abin da kasuwa ta tabbatar shi ne sun san girman lambobi, sun iya farfasa su. Abin da ba ta tabbatar ba shi ne sun san 5 ɗin da ke cikin 52 hamsin ce. Wannan ki gwada shi daban: ba yaro wake 26, ya rubuta lambar, ki nuna 6 ki ce ya ware miki waken da take nufi, sannan ki nuna 2. Za ki sha mamakin yawan masu ware ƙwaya biyu.

Sai harshe, wanda a Ikko ba a kauce masa. Yaronki yana Hausa a gida, Yarbanci ko Burokan a layi, Turanci a aji, Larabci da yamma. Hausa tana faɗin goma sha ɗaya, goma sha biyu, ginin lambar a fili, inda Turanci ke da kalmomi na daban ga 11 da 12, kuma 13 da 30 suna kama a kunne. Amma daga ashirin zuwa casa'in aron Larabci muka yi, kalmar talatin ba ta gaya wa yaro gomomi uku ba ne yadda tsohuwar gomiya uku ke yi. Muna kuma da ashirin ba ɗaya, ashirin ba biyu, ɗebewa a cikin sunan lamba, Yarbanci kuwa ya fi mu nisa a wannan, 15 ma ashirin ba biyar ce a wurinsu. Ki yi gwajin da harshen da yaron ya zaɓa, ki rubuta da wanne ya ƙirga, don sau da yawa za ki tambaya da Hausa ki ji leɓensa na ƙirga da Turanci. Ki zaɓi kalma ɗaya ki tsaya a kanta. Wanne ya fi, haka kawai, tambaya ce mai baki biyu. Fi yawa daban, fi tsawo daban, fi girma daban.

Akwai wani reshe da zan taɓa a gurguje. Juan Pascual-Leone tun 1970, da Robbie Case bayansa, suna feɗe aiki ne su ƙirga abubuwa nawa yaro zai riƙe a ka lokaci guda, abin da nake kira tunanin riƙon ƙwarya, wanda ke faɗaɗa da shekaru. Amfaninsa gare ki mai sauƙi ne: in kina zargin nauyin riƙo ne ya kayar da yaro, rage nauyin ki gani. A 52 a ɗebe 38, bar shi ya soke 5 ya rubuta 4 a sama. In ya gyaru, ya fahimci aro, mantuwa ce. In bai gyaru ba, ki nemi gaɓar a wani wuri.

Yanzu shawarata kan kundin. Kada ki nemi yara 200. Ki ba ajin duka takarda mai tambayoyi kamar 20 da kika tsara yadda na bayyana, kowace ƙa'ida tana da aƙalla tambayoyi huɗu ko biyar da za su fallasa ta. Ki yanke tun kafin ki ga takardun cewa sai amsoshin yaro nawa sun dace da ƙa'ida kafin ki ce ita yake bi, ki rubuta wannan a babi na uku, na hanyar bincike, don kada son zuciya ya shigo daga baya. Za a samu waɗanda ba su dace da kowace ƙa'ida ba. Kada ki tura su inda ba su shiga ba, ki ba su rukuninsu. Wasu canka suke, wasu suna sauya dabara a tsakiyar takarda, wasu kuma suna bin ƙa'idar da ba ki yi tunaninta ba, su ne ma za su fi koya miki abu. Daga nan ki zaɓi 10 ko 12 ki zauna da su ɗai-ɗai, minti 15 ya isa, lambobi iri ɗaya ta fuska uku: tsurarsu, cikin labari, da kuma ciniki da takardun kuɗi na wasa. Ki riƙa juya wanda ke zuwa farko, don kada gajiya ko sabo su bi fuska ɗaya kullum. Ki ba wata malama rabin takardun ta rarraba ba tare da ta ga naki ba, ku gwada inda kuka saɓa.

In lokaci ya ba ki dama, mafi daɗin abin shi ne bin yara kaɗan a kai a kai lokacin da suke kan koyo, maimakon gwaji ɗaya a farkon zango ɗaya a ƙarshe. Siegler da Eric Jenkins a 1989 sun bi yara takwas 'yan shekara 4 da 5 har mako 11, suka kama lokacin da kusan dukansu suka gano farawa daga babbar lamba. Gab da ganowar sai yaro ya ɗauki lokaci fiye da yadda ya saba, yana in'ina, yana fara magana ya fasa. Bayan ya gano ɗin ma ba ya rungumar sabuwar dabarar nan da nan, sai da aka kawo musu irin 22 a tara da 3, inda yatsu ba za su isa ba. Ke da kike tare da yaran kullum kin fi mai bincike daga waje damar ganin wannan.

Kafin komai ki samu izinin shugaban makaranta da na iyaye, da baki da Hausa, kada ki tsaya ga takardar da aka sa a jakar yaro. Ki bayyana musu ba jarrabawa ba ce, ba za ta shiga sakamakon zango ba, kuma lamba za ki sa a madadin suna. In za ki ɗauki bidiyo da waya, ki jingina ta yadda za ta kama hannaye da takarda kawai, ban da fuska. Iyaye sun fi sakin jiki da haka, kuma hannun ne kike bukata. Kada ki yi zaman ana gab da tashi, lokacin yunwa ta kama su, hankalinsu na kan Islamiyyar la'asar. Ki kuma karɓe abin goge fensir, ki ba su biro, ki ce wanda ya canza shawara ya ja layi ɗaya ya rubuta sabuwar a gefe, don amsar da aka soke sau da yawa ita ce za ta nuna miki ta inda yaron ya fara bi.